Daga Karofi zuwa Kicin: Tafiyar Shuɗi a Gidajen Gaya da Ajingi

A 'yan shekarun nan, wanda ya leƙa shagon kafinta a Gaya, ko ya bi 'yan jere zuwa gidan amarya a Ajingi, zai iya cin karo da launin da ba a saba gani a jikin katako ba: shuɗi mai duhu, wanda in magariba ta kawo jiki sai ka rantse baƙi ne. Uwar amarya ce kan zo da hoton a waya, ta miƙa wa kafinta ta ce irin wannan take so a yi wa kabad ɗin kicin, a sa masa mariƙai masu ruwan gwal. Mai fenti kuma a ce ya shafe bango ɗaya na falo da shi, sauran ukun a bar su da ruwan madara. Matasa na kallon abin a matsayin yayin ƙasashen waje, kuma suna da hujja. Kamfanin Pantone ya zaɓi Classic Blue a matsayin launin shekarar 2020, kamfanin fenti na Sherwin-Williams a Amurka shi ma ya zaɓi wani shuɗi mai duhu da ya kira Naval domin wannan shekarar, daga nan hotunan kicin masu wannan launi suka cika Instagram da Facebook.

Amma a ƙasar Kano wannan launi ɗan gida ne. Ɗaruruwan shekaru aka yi ana noma shi, ana rina shi, ana ɗora shi a bayan raƙuma da jakuna zuwa nesa, har ya zama ma'aunin arziki: mai kuɗi, har gobe, mai hannu da shuni ake ce masa. Abin da ya kamata a bi diddigi shi ne dalilin da ya sa mutanen da suka fi kowa sanin shuɗi a wannan yanki na Afirka suka daɗe ba su shafa shi a bangonsu ba, da kuma hanyar da ya bi kafin ya isa kicin.

Gaya tsohon gari ne. Ruwayar baka ta ce Abagayawa, maƙeran da suka sauka a gindin Dala suna neman tama, daga nan suka taso, shi ya sa Gayawa ke alfahari da cewa garinsu ya girmi birnin. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fitar da fassararsa a 1908, ya ambaci Sarkin Gaya Agalfati, ɗan Sarkin Machina, a zamanin Sarkin Kano Yakubu, wanda ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463. Littafin ya kuma ce a zamanin mahaifin Yakubu, Abdullahi Burja, aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. Gaya da ƙauyukanta, har da ƙasar Ajingi da ke arewa da ita, suna ɓangaren gabas ne, wato bakin da ke fuskantar Barno, kuma tufafin Kano na cikin manyan kayan da ake kaiwa can. Bajamushen nan Gustav Nachtigal, da ya isa Kukawa a 1870, ya tarar da riguna da turkudin Kano a kasuwar garin.

Wani Bajamushen, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, zamanin Sarki Usman. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke sayarwa ƙetare a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma Timbuktu kaɗai ana kai mata kayan raƙuma aƙalla 300, na kimanin wuri miliyan 60. Abin da ya fi burge shi shi ne aikin ba a wasu manyan masana'antu ake yinsa ba, a gidaje ne da ƙauyuka. Manomi na shuka auduga da baba kusa da geronsa, mata na kaɗi, masaƙa na saƙa, marina na rini. Manyan cibiyoyin rinin fatauci sun fi yawa a kudu da birni, a garuruwa irin su Kura da Bunkure da Dal, amma zare da sawaye da baba daga ko'ina cikin masarautar suke kwarara, kuma ƙananan karofi na biyan buƙatar gari sun bazu a karkara. Philip Shea, masanin tarihin da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero kuma ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan wannan sana'a a 1975, ya ƙiyasta cewa a ƙarshen ƙarni na 19 ramukan rini a masarautar Kano sun kai aƙalla 15,000.

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin karofi ba ya manta warinsa. Ramin ya fi tsayin mutum zurfi, bakinsa kuma matsattse ne, ana kife shi da murfin saƙa mai kama da malafa. Marini zai cika shi da ruwa, ya zuba toka da katsi da busasshen baba, ya bar shi kwanaki yana ruɓa, yana juya shi da doguwar muciya safe da yamma har kumfa mai sheƙi ta taso. Sirrin yana cikin ruɓar. Sinadarin shuɗin da ke cikin baba ba ya narkewa a ruwa haka kawai. Sai ƙananan halittun da ke aiki cikin ruwan toka sun sauya shi kafin ya narke ya ratsa zare. Shi ya sa in marini ya tsamo zane yakan fito tsanwa-tsanwa, sai ya matse shi ya ware, iska ta buge shi, ya rikiɗe ya koma shuɗi a kan idon mai kallo. Tsomi ɗaya shuɗi mai haske yake bayarwa. Mai duhu kuwa sai an yi ta tsomawa ana fitarwa, hannun marini ya rine har gwiwa. Daga nan a kai mabuga, a barbaɗa garin shuni, a yi ta dukan tufar da manyan guduma na itace a kan gungume har ta ɗauki ƙyalli. Haka ake samun rawani ɗan Kura da turkudin da Buzaye ke saye komai tsadarsa, ba su kuma damu da yadda yake zuba a fatarsu ba.

Wannan ya isa ya nuna dalilin da ya sa ba a shafa shi a bango ba. Baba launin zare ne. A jikin jar ƙasa ba ya fitowa da kyau, kuma abin da aka sha wannan wahala kafin a samu, ake kuma sayarwa da tsada, ba mai hankalin da zai ɓarnatar da shi a bango. Shuɗi mai duhu na jiki ne: rawanin basarake, koren attajiri, saƙin malami, zanen amarya, sai ɗan shunin da mata ke shafawa a kitso.

Duk da haka karofi ya isa bango, ta bayan gida. In ruwan rami ya mutu, marina kan kwashe lakar da ta kwanta a ƙasa, su cura ta, su shanya, su ƙona. Abin da ya fito shi ne katsi. Wani a mayar da shi sabon rami, wani kuma magina su saya, su kwaɓa da gashin awaki da suke karɓowa a majema da ruwan dafara mai yauƙi. Wannan haɗin shi ne laso, simintin Bahaushe, wanda ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. Da shi ake shafe rufin soro da kan katanga da zanko da bakin indararo, wuraren da ruwan damina ya fi ci. Da shi kuma ake shafe cikin ramin rinin kansa, kuma Shea ya nuna cewa wannan fasaha ce ta ba marinan Kano damar barin manyan tukwane su koma ramuka masu zurfi, kuɗin rini ya sauko, har suka fi ƙarfin abokan gasarsu. Ke nan soron mai hali a Gaya yana sanye da ragowar baba a kansa, sai dai launinsa toka-toka ne, ba shuɗi ba.

Launukan gida na wancan zamani daga ƙasa da itatuwa suke. Jikin gini jan birji ne. A waje ana shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ta ba shi duhun ƙasa-ƙasa da ƙarfin jure ruwa. A ciki kuma farar ƙasa ce, mata su jiƙa ta su shafa da tsumma, musamman in Sallah ta gabato ko za a kawo amarya. Ƙasan ɗaki daɓe ne: matan unguwa su taru da madaɓai, a baza tsakuwa da ƙasa, a yayyafa ruwan makuba, a yi ta duka ana waƙa har ya yi sumul.

Madafa kuwa ba ta cikin lissafin ado. Rumfa ce ko ɗan ɗaki a gefen tsakar gida, murhu na duwatsu uku, makamashi kara da itace. Hayaƙi ne ke yi wa bangonta fenti, kunkunniya ta rataya a azara. Kayan girkin da ake alfahari da su ba a nan suke zama ba. A ɗakin matar gida suke, cikin jere. Tarihin kabad ɗin kicin daga wannan jere ya faro.

Sauyin farko daga Turai ya zo, ta hanyoyi biyu. Ta ɗaya, bula. Kafin ƙarni na 19 shuɗin da masu zane a Turai suka fi daraja shi ne wanda ake niƙawa daga wani dutse da ake haƙowa a Badakshan ta Afganistan, kuma tsadarsa kan yi gogayya da ta zinariya. A 1828 wani Bafaranshe, Jean-Baptiste Guimet, ya ci kyautar da aka sa wa duk wanda ya haɗa irinsa a masana'anta. Farashi ya faɗi warwas, kamfanin Reckitt na garin Hull a Ingila ya shiga sayar da shi a matsayin shuɗin wanki, wato bula, tun shekarun 1850. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, kantunan John Holt da na Kamfanin Neja, wanda daga baya ya narke cikin UAC a 1929, suka cika da kayan Turai, 'yan koli kuma suka ratsa da su kasuwannin karkara. An kawo bula ne domin ɗauraye fararen kaya, amma mata suka gano cewa in aka jefa kaɗan cikin farar ƙasa, ɗaki kan fito da shuɗi mai sanyi. Wannan shi ne shuɗin da ya fara yawaita a bangon talaka, kuma mai haske ne, domin bula kaɗan ake sawa.

Ta biyu ta fi yin ɓarna. Adolf von Baeyer ya gano yadda ake haɗa sinadarin baba a ɗakin gwaji, kamfanin BASF na Jamus ya fito da shi kasuwa a 1897. Cikin shekaru ƙasa da 20 noman baba na fatauci a Indiya ya durƙushe. A ƙasar Kano abin ya zo a hankali. Marina suka fara gauraya garin rini na kanti da baban gona domin ramin ya yi saurin kamawa. Yadin Manchester da atamfa suka cinye kasuwar saƙar hannu, manomi kuma ya ga gyaɗa ta fi baba kawo kuɗin haraji. Daga baya aka samu sinadaran da ke ba mutum damar rina shadda a ganga cikin sa'o'i kaɗan, ba rami, ba jiran ruɓa. Karofin karkara suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Mutuwar karofi ta ja laso. In babu rami babu katsi, in babu katsi magini ba shi da abin kwaɓawa. A daidai lokacin kuma siminti da kwanon rufi suka yi sauƙin samu: masana'antar Nkalagu ta fara aiki a 1957, ta Sakkwato a shekarun 1960, ta Ashaka a 1979. Bangon siminti kuwa, saɓanin na ƙasa, yana karɓar fenti ya riƙe.

Masu zanen gida ne suka fara cin moriyar wannan. A Kano da Zariya da Damagaram, attajiran tsakiyar ƙarni na 20 sun riƙa ƙawata fuskar zaurensu da dagi da wasu zane-zane, har da keke da mota da jirgin sama, aka kuma shiga cike su da fenti ja da kore da rawaya da shuɗi. Kamfanin Berger Paints ya kafu a Najeriya a 1959, wasu suka biyo baya, gwangwanin fenti ya daina zama kayan birni kaɗai. A garuruwa irin su Gaya, inda aka fara ganin shuɗi mai ƙarfi shi ne ƙofofi da tagogin ƙarfe da na katako, da ƙyauren shaguna, da akwatin amarya. Sai kuma tsarin da gine-ginen gwamnati suka yaɗa, musamman azuzuwan da aka yi ta ginawa bayan shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976: rabin bango na ƙasa a shafe shi da fentin mai mai duhu, na sama a bar shi da fari ko ruwan madara. Dalilin a fili yake. Ƙasan bango ne yara ke jingina, nan hannu da takalmi ke taɓawa, kuma fentin mai ana iya wanke shi da soso. Masu shaguna da masu gidaje suka kwaikwaya.

A ɗakin mata ma ana ta sauyi. Jeren kakanni na ƙorai ne masu zane, da faya-fayai, da akusa, da tasoshin tagulla ga wadda iyayenta ke da hali. Sai kwanuka masu fenti suka shigo, da farko daga Turai da Asiya, daga baya 'yan kasuwar Hong Kong suka kafa masana'antunsu a Legas da Kano daga wajen 1960. Fanteka da kwalla da langa da samira suka hau bango, ana jera su ɗaya bisa ɗaya har kusa da rufi, 'yan ganin ɗaki na ƙirgawa da ido. Da kuɗin mai suka shigo, musamman bayan ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, kafintoci suka samu sabon ciniki: kabad mai gilashi, wanda ke kare kwanuka da tangaran daga ƙura ba tare da ya ɓoye su ba. Wannan kabad a ɗaki yake, ba a madafa ba, kuma launinsa yawanci ruwan katako ne ko na fomeka.

Abin da ya kai kabad kicin shi ne sauyin makamashi. Risho ya rage hayaƙi, gas ya kusan kawar da shi, don haka a gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa girki ya koma cikin gini, bango ya samu tayil, kayan da a da ake jerawa a ɗaki suka bi shi. Yau 'yan ganin ɗakin amarya sukan wuce kicin kai tsaye, su buɗe kabad su duba kuloli da tukwane. Gurin da a da hayaƙi ya hana a yi wa ado ya zama inda ake auna ƙoƙarin iyaye. A yawancin ƙauyukan Ajingi da Gaya, gaskiya, har yanzu a murhu ake girki, da kara da itace da gawayi, kuma shuɗin kabad na tsiraru ne. Amma yayi daga tsiraru yake farawa, kuma kafintan da ke sayo allunansa a kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa, da mai fentin da ke sayo gwangwaninsa a Ƙofar Ruwa, duk ta Wudil suke komawa gida da abin da suka gani a birni.

Masu sana'ar sun riga sun koyi halin wannan launi. Shafa ɗaya ba ta isarsa, sai biyu ko uku, kuma duk wani tudu ko rami a bango sai ya tona shi, don haka dole a fara gyara bangon ya yi santsi. Yana shanye haske, abin lura ne a ɗaki mai ƙaramar taga a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas. Shi ya sa gogaggen mai fenti kan ba da shawarar a tsaya a bango ɗaya, kafinta kuma ya ce a yi kabad na ƙasa shuɗi, na sama fari. Launin yana ɓoye tabon miya da manja, amma da hunturu ya shigo, ƙura kan kwanta a kansa fara fat, sai an riƙa bi da tsumma kullum. Mai sheƙi ya fi saurin gogewa, marar sheƙi ya fi kyan gani amma yana riƙe shaidar yatsa. Kuma in allon na matsattsen garin katako ne, ruwan wanke-wanke ya fi komai yi masa illa, domin da ya jiƙa sai ya kumbura, fentin ya ɓare.

A cikin gwangwanin babu ko ɗigon baba. Yawancin shuɗin fentin zamani daga wani sinadari mai jan ƙarfe yake, wanda kamfanin ICI na Ingila ya fito da shi kasuwa a 1935 da sunan Monastral Blue, ko kuma daga dangin bula, a ƙara baƙi domin ya yi duhu. Launin ya dawo gidan Bakano da farin jini, sana'ar da ta haife shi a nan kuwa tana neman ɓacewa. Karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa an kafa tun 1498, yana nan yana aiki, amma ramuka da yawa a bushe suke, kuma masu yawon buɗe ido ne ke riƙe da wani kaso na cinikinsa. A karkara kuwa an cike ramuka da shara, an yi gini a kan wasu.

Wannan rashi ya fi na launi. Laso fasaha ce da ta haɗa marini da majemi da magini, sharar wani ta zama jarin wani, kuma ta kare ginin ƙasa daga damina ba tare da buhun siminti ko ɗaya ba, a ƙasar da ginin ƙasa ya fi na bulo sanyi lokacin bazara. Dattawan da suka san ma'aunin katsi da dafara, da waɗanda za su iya nuna inda karofin unguwarsu yake a da, suna raguwa kowace shekara. Masarautar Gaya, wadda dokar Yulin 2024 ta haɗa mata ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu, tana da dagatai da masu unguwanni da suka san waɗannan mutane da sunayensu. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, maƙwabciyar Gaya, tana horar da ɗaliban zanen gine-gine, Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano kuma tana da wurin adana bayanai a Gidan Ɗan Hausa. Aikin da ke gabansu ba mai tsada ba ne: a zauna da tsofaffin marina da magina a naɗi bayaninsu, a sa alama a wuraren da ramuka suke, a kwaɓa laso a gaban ɗalibai, a shafa shi a katanga ɗaya a Gaya a ga yadda zai yi da damina biyu ko uku.